An tsare mai shayarwa: yaya za a yi da jaririn?

Wata Hajiya mai sayar da abinci a Kasuwar Kurmi ce ta aiko da tambaya. Ƙanwarta uwar adashe ce, kuɗi suka maƙale, mai kwasa ta kai ƙara, 'yan sanda suka tsare ta alhali tana da goyon wata huɗu. Yaron yana wurin kakarsa, ana ba shi madarar gwangwani a bulumboti. Maƙwabta kuma sun ce ko an sako ta kada ta ba shi nono, wai ya kwana ya lalace.

Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Bari in fara da maganar maƙwabta, domin ita ce ta fi haɗari. Nono ba ya lalacewa a jikin uwa, ko kwana nawa ya yi. Abin da ke faruwa shi ne, idan yaro bai sha ba kuma ba a tatse ba, nonon zai cika ya yi tauri, wani lokaci ya kumbura har da zazzaɓi, daga nan jiki ya rage samar da shi. Saboda haka a yau ɗin nan ki je wurinta da sabulu da kofi mai murfi. Ta wanke hannu, ta riƙa tatsa duk bayan kamar awa uku, har da dare. A zafin Kano kada wanda aka tatsa ya wuce awa huɗu ba a ba yaron ba. A ba shi da ƙaramin kofi, a ajiye bulumbotin nan, domin wanke shi yadda ya kamata yana da wuya, kuma ta nan gudawa kan shigo. Ɗan wata huɗu ba ya buƙatar ruwa, nono ya ishe shi har wata shida.

Abin da ya fi tatsa shi ne a kai mata yaron. Ku roƙi shugaban ofishin 'yan sandan ya bari ta shayar da shi, kuma ku tabbatar an rubuta a takarda cewa mai shayarwa ce. Sau da yawa dangi kan ɓoye wannan saboda kunya, alhali ita ce hujjarsu mafi ƙarfi.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sai dai masu ƙara kan juya rikicin adashe ya koma zargin cin amana, don haka ku nemi lauya. Hukumar ba da agajin shari'a ta Legal Aid da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA suna taimaka wa marasa hali. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24, ko 48 idan kotun tana nesa, kuma beli a hannun 'yan sanda kyauta ne. A gaban alƙali lauya ya fara da batun jaririn. Ƙa'idojin Bangkok da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2010 sun ce a fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki da mai ƙananan yara, kuma kada a hana fursuna shayarwa sai da dalilin lafiya. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ita ma ta tanadi hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar aikin al'umma.

Wani zai ce wannan tsarin Turawa ne. Ina! A Sahihu Muslim akwai labarin matar nan Bagamidiya, wadda Manzon Allah (SAW) ya jinkirta hukuncinta har ta haihu, ta shayar, ta yaye. A shari'ar Amina Lawal ta Katsina, a 2002, kotu ta ɗage zartar da hukunci sai ta yaye 'yarta, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sallame ta a 2003. Idan an yi wa jariri wannan la'akari a laifin haddi, ban ga dalilin da za a raba shi da uwarsa a kan kuɗin adashe ba. A ganina ma wannan rikici bai kamata ya wuce teburin shugabannin kasuwa da mai unguwa ba, inda za a tsara biya kaɗan-kaɗan.

Idan ta fito ta ga nonon ya ragu, kada ta karaya. Ta rungumi yaron a ƙirji, fata da fata, ta sa shi a nono dare da rana, ana rage madarar a hankali. Tsotso ne ke dawo da shi, yakan ɗauki kwanaki ko 'yan makonni. Amma idan yaron ya fara gudawa, ko ya ƙi sha, ko fitsarinsa ya ragu, ko maɗigarsa ta faɗa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a garzaya da shi asibitin yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Murtala, duka suna nan kusa da ku.