Darasin Tattalin Arziki: Abin da Kuɗin Gidauniya Ya Gano a Ƙauyukan Zariya

Gidauniya ba ta jiran riba kamar banki. Saboda haka tana iya zuba kuɗi inda ɗan kasuwa ba zai zuba ba, wato a binciken da sai bayan shekaru ake cin moriyarsa.

A shekarar 1965, da tallafin Gidauniyar Ford ta ƙasar Amurka, aka kafa sashen binciken tattalin arzikin karkara a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, a ƙarƙashin jagorancin David Norman. A 1966 da 1967 ma'aikatan sashen sun riƙa bin magidanta a ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta sa'o'in da aka yi a gona, da abin da aka kashe, da abin da aka girba.

A wancan zamani malaman gona na horon manomi ya shuka iri ɗaya tak a gonarsa. Alƙaluman kuwa suka nuna cewa haɗa gero da dawa da wake ya fi kawo kuɗi a kowace eka, ya kuma rage asara idan damina ta yi gardama. Sannan abin da ya fi yi wa manomi ƙaranci shi ne hannun aiki a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai. Shi ya sa yake jinkirta shukar auduga har sai ya gama da abincin gidansa, abin da aka daɗe ana ɗauka taurin kai ne.

Don haka mai niyyar ba manoman Chaza ta Suleja bashin taki, ya fara tambayar wa zai yi musu noman, kuma nawa ne kuɗin ƙwadago a tsakiyar damina.