Matakan Zama Farfesan Tattalin Arziki

Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara cikin 2018, ɗaliban sakandare na wannan yanki, daga Bakura zuwa Maradun, sun fara ganin shehunan malamai da idonsu. Yawancinsu suna zaton daɗewa a aji ke kai mutum wannan matsayi. Daɗewa tana da nata rabo, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Bari mu ɗauki fannin tattalin arziki mu duba.

A jami'o'in Nijeriya tsanin yana da matakai 7: mai koyon aikin koyarwa, mataimakin malami, malami mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Galibi sai mutum ya yi shekara 3 a mataki kafin a dube shi don na gaba. Ke nan wanda ya shigo da digiri na uku ya fara daga daraja ta biyu, zai yi aƙalla shekara 12 kafin ya kai ƙarshe, in komai ya tafi daidai. Bayan 'yan shekarun gwaji na farko ana tabbatar masa da aikinsa, kuma bisa dokar 2012 farfesa yana iya zama kan kujerarsa har ya cika shekara 70.

Inda gizo ke saƙa shi ne matakai biyu na ƙarshe. A nan jami'a ba ta dogara da shaidar abokan aikin mutum. Takan tattara littattafai da maƙalun da ya wallafa, ta aika wa farfesoshin wasu jami'o'i a asirce, yawanci su uku, su karanta su faɗi ko aikin ya kai. Waɗannan alƙalai ba su taɓa shiga ajinsa ba, ba su san yawan takardun jarrabawar da ya duba ba. Abin da ke gabansu kawai shi ne: wace tambaya ya yi, da wace hujja ya amsa ta, kuma wace mujalla ta yarda ta buga bayan masana sun tace? Don haka malami mai hazaƙar koyarwa yakan tsufa a matsayin babban malami idan bai yi rubutu ba. A ganina akwai rashin adalci a nan, domin malamin da ke fama da ɗaruruwan ɗalibai ba shi da sukunin wanda ke da ashirin; amma haka tsarin yake.

A Amurka abin ya fi tsanani. Sabon malami yana da kimanin shekara 6. Ko dai a ba shi kujerar dindindin, ko ya nemi wani wuri. A 2020 James Heckman, wanda ya sami lambar Nobel a 2000, da Sidharth Moktan sun wallafa nazari kan manyan sassan tattalin arziki 35 na ƙasar. Sun gano cewa bugawa a mujallu biyar kacal, irin su Econometrica da American Economic Review, tana da rinjaye mai yawa kan wanda za a tabbatar. Su kansu sun soki wannan al'ada, don sun nuna cewa maƙalu masu tasiri da dama a wasu mujallun suke fitowa.

To, ina ɗan Mafara zai samo abin da zai rubuta har masanan duniya su saurare shi? Misalin David Norman ya isa amsa. Wannan masanin tattalin arzikin noma ya zo Samaru ta Zariya a 1965. Shi da ma'aikatansa suka bi manoman Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa tsawon shekara, suna rubuta awannin aiki da abin da kowace gona ta bayar. A lokacin ƙwararru suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona guda ci-baya ne. Alƙalumansa suka nuna cewa manomi ya san abin da yake yi: haɗin yana ƙara abin da kadada ke bayarwa, yana kuma rage hasara idan damina ta gaza. Wannan aiki ya sa sunansa ya zaga duniya, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Jihar Kansas.

Madatsar Bakalori ma haka take. An kammala ta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta raba dubban mutane da gidajensu da gonakinsu, kuma rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda sun kashe manoma a watan Afrilu na 1980. William Adams, masanin labarin ƙasa daga Ingila, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, ya nuna a 1985 cewa raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamu, hasarar da ba a sa cikin lissafin ribar aikin ba. Shi ma ya zama farfesa a Kambirij. Tambayoyin ba su ƙare ba: nawa manomin rani a Bakura ke samu daga kadadar shinkafa bayan ya cire kuɗin taki da na ƙwadago? Me rashin tsaro ya yi wa farashin hatsi a kasuwar Talata Mafara? Wa ke ba manomi bashi, kuma da wane sharaɗi?

Amsa irin waɗannan tambayoyi a yau tana bukatar ƙididdiga mai zurfi, domin mujallun kirki ba sa karɓar ra'ayi sai da alƙaluma. Saboda haka ɗalibin da ke sha'awar wannan hanya ya riƙe darasin lissafi tun daga aji huɗu, ya kuma ƙware da Ingilishi, tunda da shi ake rubuta maƙalun. Malamai kuma suna iya fara horon tun yanzu: a tura 'yan aji kasuwa kowane mako su rubuto farashin tiyar gero da ta masara, a ƙarshen zango su zana jadawali, su yi bayanin dalilin hawa da saukarsa.