Rago Ne, Ko Jikinsa Ne Ya Ƙi?

Babu unguwar da ba ta da wanda aka yi wa laƙabi da rago. Hantsi ya dubi ludayi yana kwance, a aike shi kasuwa ya tafi yana jan ƙafa, aikin yini guda ya kai shi mako. Iyaye su yi faɗa, maƙwabta su yi zunɗe, shi kuwa ko gezau. To jama'a, kafin a yanke wa irin wannan mutum hukunci, a fara tambaya: ba ya so ne, ko ba ya iyawa? Ruwa ba ya tsami banza.

A farkon ƙarni na 20, talakawan manoma na kudancin Amurka sun yi ƙaurin suna wajen lalaci, har ana ganin halinsu ne na gado. Wani masanin tsutsotsi, Charles Stiles, ya nuna cewa da yawansu tsutsar ciki ce ke shanye musu jini, irin wadda ke shiga ta fatar ƙafa idan mutum ya taka ƙasar da aka yi bayan gida a kai. A 1909 attajirin nan Rockefeller ya ba da dala miliyan 1 don yaƙi da ita. Da aka auna yara 'yan makaranta, sai aka tarar kusan 4 cikin 10 suna ɗauke da tsutsar. Magani da masai da takalmi suka yi abin da faɗa da gori suka kasa. Mu ma nan gida mun ga irin wannan. A ƙarshen shekarun 1930, ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya addabi ƙasar Anchau a lardin Zazzau, har sai da aka sare kurmin bakin rafuka, aka tashi mutane zuwa sabon gari mai suna Takalafiya. Mai gyangyaɗi da rana tsaka a wancan zamani ba bulala yake bukata ba.

Yau ciwon barci ya yi ƙaranci, amma masu satar ƙarfin jiki ba su ƙare ba. Na farkonsu ƙarancin jini, wanda ya fi kama mata masu juna biyu, da masu shayarwa, da 'yan mata, da ƙananan yara. Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: jiri, haki bayan ɗan aiki kaɗan, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Amaryar da uwar miji ke cewa ba ta da kataɓus, sau da yawa wannan ne ke damunta, shi ya sa ake ba da ƙwayar ƙarin jini a wurin awo. Hanta, nama, wake, zogale da alayyafo suna gina jini. Lemo ko gwaiba bayan abinci na taimaka wa hanji ya tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikinsu, shayi mai kauri a kan abinci kuwa rage shi yake yi.

Sai zazzaɓin cizon sauro, wanda Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Yana fasa ƙwayoyin jini, ya bar mutum a galabaice ko bayan zafin jiki ya sauka. Gwajinsa ɗigon jini ne daga yatsa, ba ya wuce minti 20. Tsargiya ma tana nan, mai sa yaran da ke wanka a kududdufi da magudanar noman rani fitsarin jini. Ga ciwon sukari mai zuwa da ƙishirwa da yawan fitsari, ga tarin fuka mai zuwa da rama da gumin dare. Duk waɗannan kasala ce sallamarsu. Wanda gajiya ta ƙi sakinsa makonni, ya je asibiti a auna shi, kada ya tsaya a kan "malariya da taifot" ɗin da mai kemis ya yanke masa da ido.

Barci kuma ba almubazzarancin lokaci ba ne. Baligi na bukatar sa'a 7 zuwa 9. Wanda ya raba dare a teburin mai shayi, ya koma ɗaki ya ɗora da latsa waya har ƙarfe biyu, sannan ya tashi asuba, ya ci bashin da jiki zai karɓa da rana ko ana so ko ba a so. Goro da shayi suna ɗauke da sinadarin da ke daɗewa sa'o'i a jini, don haka na bayan la'asar yakan hana barcin dare. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ƙailula da yawan shan ruwa dabara ce, ba ragwanci ba. Abin takaici shi ne yadda wasu 'yan ƙwadago da matasa ke neman kuzari a wurin Tramadol. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, jin ciwo take dushewa, ƙarshenta kamu da farfaɗiya. Ba banza gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba.

Akwai kuma kasalar da ke fitowa daga zuciya. Mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ya ƙaurace wa mutane, abinci da barci su rikice masa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Idan haka ta wuce mako biyu, ciwon damuwa ake zargi, kuma yana da magani. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Dawanau a Kano, ba don masu yawo tsirara kaɗai aka gina su ba. Mai jego da ta shiga wannan hali, a kai ta asibiti, a daina ce mata ta cika son jiki.

To, an ba mara lafiya hakkinsa. Saura mu masu ƙoshin lafiya da ciwon "sai gobe" ya kama. Wannan ba rashin ƙarfi ba ne, domin mai shi yakan yi ta kai-kawo yini guda, ya gyara abin da bai lalace ba, ya je gaisuwar da ba ta zama dole ba, duk don kada ya fuskanci abu ɗaya da ke masa nauyi a rai. Yadda abin ke aiki shi ne: aikin na tattare da tsoro, ko kunya, ko gundura. Da ka ce "sai gobe", sai ka ji sanyi a ranka nan take. Wannan sanyin shi ne ladan da ke koya wa zuciya ta sake, gobe ta sake. Shi ya sa bashin da ake jin kunyar mai shi ya fi daɗewa ba a biya ba, kullutun da ake tsoron sakamakonsa ya fi daɗewa ba a nuna wa likita ba.

Manomi ya san farashin wannan hali fiye da kowa. Daminarmu a arewa mai nisa ba ta fi wata uku zuwa huɗu ba. Wanda ya bar noman fari ya makara, ciyawa ta riga gero cin taki, ba abin da maimai zai mayar masa. Mai soro da bai yi yaɓe ya gyara indararo da rani ba, zai yi shi cikin ruwa da tsada biyu. Mutanen birni kuwa sun ga cunkoson ofisoshin katin ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, da aka ce za a rufe layin wayar da ba a haɗa da lambar NIN ba, alhali an yi shekaru ana rajistar. Gaskiya ne wuraren rajistar sun yi kaɗan, amma da yawanmu ba mu taɓa gwadawa ba sai da wa'adi ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan dole a faɗi wata magana mai ɗaci. Mun mayar da "in Allah ya yarda" mafakar wanda bai yi niyya ba. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga gajiyawa da kasala. Abin da aka nemi tsari daga gare shi ba a jingina shi ga ƙaddara.

Kada mai ciwon "sai gobe" ya jira sai ya ji sha'awar aikin, domin sha'awa takan zo ne bayan an fara. Ya yanka aikin ƙanana har ya kai wanda ba ya ba shi tsoro: ba "zan yi karatun jarrabawa" ba, "zan karanta shafi biyu". Ya kuma sa masa lokaci da wuri. Mu da salloli biyar suka riga suka raba mana yini ba mu da wahala a nan, "bayan sallar azahar, a shagon Malam Tela" ya fi "wani lokaci cikin makon nan" kama ƙasa. Mafi nauyin aiki a ba shi sanyin safiya, waya kuma a bar ta a wani ɗaki har a gama. Sannan ya gaya wa wani wanda yake jin nauyinsa, yaya ko aboki, ranar da zai kammala. Kakanninmu da suka ƙirƙiro gayya da adashi sun san mutum yakan saɓa wa kansa alkawari cikin sauƙi, amma ba ya son a zo karɓar zubi a tarar da shi hannu wofi.