Yadda A Ke Ɗaure Boris Na Ƙafar Gaba In Ya Saki

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, watakila wani ya ce, "Ina ruwan malamin makaranta da ƙafar mota?" Amsar ba ta da nisa. Yawancinmu in mun gama, ba cikin birni za a ajiye mu ba. Wanda aka tura ƙauyukan Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, zai ga da an bar kwalta sai burji da gargada, da damina kuwa sai taɓo da rafuffuka. A wuraren nan mota mai ja da ƙafa huɗu ita ke kai alli da littattafai, ita ke ɗaukar majiyyaci zuwa asibitin Funtuwa. Hanyoyi ne kuwa da ba mai son dare ya riske shi a kansu da mota a kwance.

Wani hutu na shiga wata tsohuwar Land Rover daga Sheme za ni Ƙanƙara. Tun da muka tashi na ke jin gurnani a ƙafar gaba ta hagun. Na yi wa direba magana, ya ce ai ta saba. Ba mu raba hanya ba sai hayaƙi ya tashi, ƙafa ta cije. Muka yini gindin tsamiya, fasinja na cewa tsautsayi ne. Da la'asar aka zo da wani dattijon makaniki, ya duba, ya ce, "Wannan ba tsautsayi ba ne, noti guda aka ƙi juyawa." Wurinsa na fara koyon abin da zan faɗa muku.

Mene Ne Boris?

Ƙafar mota tana juyawa bisa wani guntun ƙarfe da ke bakin aksul. Don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, sai aka sa boris biyu tsakani, na ciki da na waje. 'Ya'yansu ba dunƙulallu ba ne kamar na keke, dogaye ne, kai guda ya fi guda kauri. Wani Ba'amurke, Henry Timken, shi aka ba shaidar ƙago irin wannan cikin 1898. Da ya ke an sa su suna fuskantar juna, noti ɗaya shi ke matso su ko ya sassauta su. Haka aka riƙa yi wa tsofaffin Land Rover tun fitowarta cikin 1948, haka kuma tsofaffin Land Cruiser. Amma motocin zamani da yawa borisinsu a rufe ya ke zuwa, ba a ɗaure shi, in ya saki sai a sake sabo.

Ƙafar gaba ta irin motocin nan aiki uku gare ta: ɗaukar nauyin inji, da bin sitiyari, da jan mota. Ga kuma shiga rafi. In gidan boris ya yi zafi aka tsoma shi cikin ruwa, iskar da ke ciki sai ta tsuke, ta zuƙo ruwa da laka su gauraya da giris.

Yadda A Ke Ganewa

A tsai da mota wuri mai daidai, a sa waigi a ƙafafun baya, a ɗaga gaba da jak. Sa'an nan a tokare aksul da ƙarfe ko gungume mai ƙarfi, gama jak ba abin amincewa ba ne. Kama taya da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka girgiza. In ka ji ƙwas-ƙwas, sa wani ya taka birki, ka sāke girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ne. In yana nan, laifin na wajen kimfin, watau inda ƙafa ke karkata in an murɗa sitiyari. Daga nan juya taya, ka kasa kunne. In tana tafiya sumul, ɗauri zai yi magani. In kuwa ka ji kamar ana niƙa tsakuwa, boris ya mutu, ɗauri ba ya ta da shi.

Yadda A Ke Ɗaurewa

1. Cire murfin tsakiyar ƙafa, da farantin da ke haɗa sandar aksul da ƙafa. Jera kome bisa tsumma mai tsabta yadda ka fitar da shi, gama rairayi shi ne babban abokin gāban boris.

2. Za ka tarad da noti biyu, da washa tsakaninsu wadda aka lanƙwasa bakinta. Miƙe ta, ka kwance notin waje. Na Land Rover milimita 52 ne, na Land Cruiser 54. Nemi sifanar da ta dace. Masu sara noti da kurfi da guduma ɓarɓashin ƙarfe su ke zuba wa boris.

3. Dubi giris. In ya koma kamar kunu, ko ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe ciki, fitar da boris, ka wanke da kananzir. Wanda ya yi zanzana, ko ya yi shuɗi don zafi, sai a sake shi tare da zoben da ya ke zama ciki.

4. Ɗaure notin ciki sosai kana juya ƙafa, don 'ya'yan boris su zauna wurarensu. Sa'an nan ka mai da shi baya rubu'in zagaye, kāna ka matsa shi a hankali har girgiza ta ɓace, ƙafa kuwa tana juyawa ba nauyi. Kowace mota da awonta cikin littafin maƙeranta, mai sifanar awo sai ya bi shi.

5. Sa sabuwar washa, ka ɗaure notin waje tam. Lanƙwasa bakin washa gefe guda bisa notin ciki, gefe guda bisa na waje. To, sai ka sāke juya ƙafa, domin ɗaurin notin waje ya kan ƙara matse boris.

6. Mai da kome wurinsa. In an yi tafiyar mil biyar ba yawan taka birki, tsaya ka taɓa tsakiyar ƙafa da bayan hannu. Ɗumi ba laifi. Zafin da hannu ba ya jurewa, ɗauri ya yi yawa.

Abin Lura

Gaba na huɗu shi ne ran aikin duka. In boris ya yi sako-sako, kowane rami ƙafa ta faɗa kamar guduma ce aka buga masa. Taya ta cinye gefe guda, robar da ke tsare giris ta lalace, birki ya riƙa nisa. In kuma aka ce a ɗaure tamau don a huta, ƙarfe ya kan kumbura da zafi, giris ya narke, boris ya manne da aksul. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da a ke so tsaka-tsaki, kamar yadda mu ke koyon riƙon yara cikin aji: ba a sake su, ba a kuwa shaƙe su.

Saboda haka in kun je wuraren aikinku, ku roƙi direba ya girgiza ƙafafun gaba kafin faɗuwar damina, da bayan ɗaukewarta, da duk ran da aka yini cikin ruwa. Abu ne na minti goma, rigakafi kuwa ya fi magani. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.

Tambayoyi

1. Don me a ke taka birki sa'ad da a ke girgiza taya?
2. Wace ɓarna ɗauri mai yawa ke yi?
3. Yaushe ne ɗauri ba ya amfani sai a sake boris?