DARASI: Ƙuri'ar Ɗan Majalisa da Sa Idonsa a kan Ma'aikatun Gwamnati

'Yan'uwa, kowace shekara huɗu mukan tsaya a layi cikin rana domin mu zaɓi waɗanda za su wakilce mu a Majalisar Tarayya: sanatoci 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, da kuma 'yan Majalisar Wakilai 360. Amma in an tambaye mu abin da wakilinmu ya yi, yawancinmu sai mu shiga lissafin buhunan shinkafa da babura da kekunan ɗinki. Tsarin Mulki na 1999 bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Aiki biyu ya ɗora wa ɗan majalisa: ya kaɗa ƙuri'a a kan dokoki da kasafin kuɗi, ya kuma bi sawun kuɗin da ya yarda a kashe. Da waɗannan biyu ya kamata mu auna shi.

1. YADDA AKE KAƊA ƘURI'A

Shirin doka yakan sha karatu sau uku a zauren majalisa. A karatu na farko ana ambaton sunansa ne kawai. A na biyu ake muhawara a kan manufarsa, sa'an nan a miƙa shi ga kwamiti, wanda yakan kira jama'a su zo su faɗi ra'ayinsu. Bayan karatu na uku sai a aika da shi ɗaya majalisar, gama dole ne majalisun biyu su amince da magana iri ɗaya. Daga nan Shugaban Ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suna iya mai da shirin doka ba tare da hannunsa ba. Haka aka kafa dokar Hukumar Raya Yankin Neja Delta a shekarar 2000, bayan Shugaba Obasanjo ya ƙi sa hannu.

Yawancin ƙuri'u da murya ake kaɗa su. Shugaban zama ya ce masu goyon baya su amsa, ya ce masu adawa su amsa, sa'an nan ya yanke wane ɓangare ya fi ƙarfin murya, ya buga guduma. Wannan hanya tana da sauri, amma tana ɓoye mutum. Wakili yana iya yin shiru a Abuja, ya komo gida ya ce shi ne ya fi kowa ɗaga murya. Saboda haka ƙa'idodin majalisa suka bar wata ƙofa: ɗan majalisa yana iya ƙin yarda da hukuncin shugaban zama, ya nemi a ƙirga, kowa ya tashi ya faɗi inda ya tsaya.

Mu duba abin da ya faru a watan Yuli na 2021. Sanatoci sun yi saɓani a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Shugaban marasa rinjaye na lokacin, Sanata Enyinnaya Abaribe, ya nemi a ƙirga. Sanatoci 52 suka goyi bayan a gindaya wa hukumar zaɓe sharaɗin neman yardar hukumar sadarwa da ta Majalisa, 28 suka ƙi, kusan duk sauran kuwa ba su cikin zauren. Jaridu suka buga sunaye, jama'a suka san inda kowa ya tsaya, aka yi ta ƙorafi. Kafin ƙarshen watan Oktoba na wannan shekara Majalisar Dattawa ta janye sharaɗin. Haka kuma a watan Mayu na 2006, lokacin da ake neman gyara Tsarin Mulki domin ba da wa'adi na uku, an nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane mai magana ya san mutanen mazaɓarsa suna kallonsa. Ranar 16 ga watan Majalisar Dattawa ta yi watsi da shirin. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Amma wakilin da ya san ana ganinsa yakan yi tunani sau biyu.

2. YADDA AKE SA IDO

Gwamnati ba ta da ikon taɓa baitulmali sai da dokar kasafin kuɗi da Majalisa ta amince da ita. Wanda ya ba da izinin kashewa kuwa, shi ke da hakkin tambayar inda kuɗin ya shiga. Sashe na 88 ya ba kowace majalisa ikon binciken kowane mutum, ko ma'aikata, ko hukuma da ke aiwatar da dokokinta ko kashe kuɗin da ta ware. Manufar ita ce gyara dokoki, da kuma tona cin hanci, da rashin iya aiki, da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya ba da shaida bisa rantsuwa, ya kawo takardu, har ta ba da sammacin kawo wanda ya ƙi zuwa. Majalisun jihohi suna da irin wannan iko a sashe na 128 da na 129.

A cikin kwamitoci ake yin yawancin wannan aiki. Akwai kwamitin lafiya, da na ilimi, da na ayyuka, da sauransu. Minista yakan zo gabansu ya kare kasafinsa, su kuma su je su gani da idonsu ko asibitin da aka rubuta a takarda yana tsaye a ƙasa. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya yakan miƙa rahotonsa ga Majalisa, kwamitin asusun gwamnati ya duba shi. Bisa al'ada ɗan jam'iyyar adawa ne ke shugabantar wannan kwamiti, domin kada kura ta zama mai gadin akuya. Sai dai mu sani, Majalisa ba kotu ba ce. Tana tonawa, tana ba da shawara, tana iya rage kasafin ma'aikata. Gurfanarwa da hukunci aikin hukumomin yaƙi da cin hanci ne da kotuna.

3. IN MAI SA IDO YA RUFE IDO

Bayan zanga-zangar tallafin man fetur ta Janairu 2012, Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Faruk Lawan. Rahotonsa na watan Afrilu ya nuna cewa an ware naira biliyan 245 domin tallafin a 2011, amma abin da aka biya ya haura naira tiriliyan 2.5. Wannan babbar hidima ce ga ƙasa. Abin baƙin ciki, a 2021 kotu ta sami shugaban kwamitin da laifin karɓar dala 500,000 daga wani ɗan kasuwa domin a cire sunan kamfaninsa daga rahoton, kuma a Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar. Darasin a fili yake: sa ido yana iya tona ɓarna mai yawa, yana kuma iya zama abin sayarwa in babu mai sa wa mai sa idon ido.

A nan ne laifin yake taɓa mu. Idan muka cika ƙofar wakili kowace safiya da roƙon kuɗin makaranta da na suna da na magani, muna tura shi ne ya nemi kwangila a ma'aikatar da ya kamata ya bincika. Bakin da ya ci ba ya iya tsawatawa.

4. ABIN DA KE HANNUNMU

Dole ne kowace majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama ba tare da dalili ba yana iya rasa kujerarsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowannenmu ikon rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, ita kuma ta amsa cikin kwana 7. Sashe na 69 ya tanadi kiranye: fiye da rabin masu rajista a mazaɓa su sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama. Hanya ce mai wuya, kamar yadda yunƙurin Kogi ta Yamma ya nuna a 2018, inda sa hannun da aka tantance bai kai ko kusa da rabi ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce mu riƙe tarihin wakili, mu tuna da shi ranar zaɓe.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

A taron unguwa, ko na matasa, ko na Zumuntar Mata, mu tattauna waɗannan:

1. Mene ne sunan sanatanmu, da wakilinmu na Tarayya, da na jiha? A waɗanne kwamitoci suke?
2. Wace babbar doka aka kaɗa wa ƙuri'a a bara, kuma ina wakilinmu ya tsaya?
3. Wane aiki aka sa wa yankinmu a kasafin bana? Wa ya je ya duba shi?
4. In wakilinmu ya zo gida, me za mu tambaye shi kafin mu miƙa masa hannu?