Sinadarin PTFE: Amfaninsa a Masana'antu da Illarsa ga Lafiya da Muhalli

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sinadaran da masana'antu ke shafe kayayyakinsu da su domin kare su daga tsatsa da zafi da mannewa, da wuya a sami wanda ya kai PTFE shahara, wato wanda aka fi sani da sunansa na kasuwa, Teflon. Yawancin alhazan da suka kwana a Mina a 'yan shekarun nan a ƙarƙashinsa suka kwana, domin tantunan da aka kafa bayan gobarar 1997 da zaren gilashi aka yi su, aka shafe su da wannan sinadari. Shi ne kuma ke jikin kaskon suyar nan na zamani wanda abinci ba ya kama shi. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa haɗarin PTFE bai taru a jikin kayan da aka gama ƙerawa ba. Ya fi yawa a wurare biyu: lokacin da zafi ya yi masa yawa, da kuma masana'antar da ake sarrafa shi.

2.0 Asalinsa da Siffarsa

PTFE yana cikin rukunin da masana ke kira folima, wato sinadarin da ƙananan ƙwayoyi iri ɗaya suka sarƙu da juna suka yi dogon jeri, tamkar 'ya'yan carbi a zare. Roba da leda duk daga wannan rukuni suke. A jikin PTFE, jerin na ƙwayoyin kabon ne, kowace ƙwaya kuma tana riƙe da ƙwayoyin fulorin guda 2. Ƙullin da ke tsakanin kabon da fulorin yana daga cikin mafiya ƙarfi da aka sani a wannan fage na ilmi.

Ba da niyya aka gano shi ba. A ranar 6 ga Afrilu, 1938, wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, Roy Plunkett, yana bincike a kan iskar sanyaya firiji, sai ya buɗe wata tukunyar iska, babu abin da ya fito, alhali nauyinta bai ragu ba. Da aka yanka ta sai aka tarar da farin gari mai santsi. Bincike ya nuna cewa garin ba ya narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 327 a ma'aunin santigiret, ruwa da mai ba su kama shi, yawancin sinadarai masu cin ƙarfe kuma ba su yi masa komai. Saboda haka aka shiga shafa shi a cikin bututu da tankunan sinadarai, da bayan wayoyin lantarki, da sassan injuna.

3.0 Illarsa Idan Zafi Ya Yi Yawa

Muddin yana cikin zafi madaidaici, PTFE ba ya haɗuwa da jini ko nama. Ko da ɓarɓashinsa ya faɗa cikin abinci aka haɗiye, yakan wuce ta hanji ya fita yadda ya shiga. Amma da zarar zafi ya haura digiri 260, sai ya fara lalacewa, idan kuma ya ƙara hawa sai ya riƙa fitar da hayaƙi. Wanda ya shaƙi hayaƙin, bayan 'yan sa'o'i yakan ji zazzaɓi da rawar sanyi da tari da nauyin ƙirji, kamar mai mura, galibi kuma yakan warware cikin kwana ɗaya ko biyu. An sha ganin wannan ciwo ga ma'aikatan da ƙurar sinadarin ta taɓa musu taba sigari suka kunna. Tsuntsaye kuwa hayaƙin kashe su yake yi. Idan wuta ce sosai, kamar gobara ko ƙona shara, iskar da ke fita tana da gubar da ke iya lalata huhu.

4.0 Illarsa a Wurin Sarrafawa

A nan ne gizo ke saƙar. Domin a haɗa PTFE a cikin ruwa, an daɗe ana amfani da wani sinadari mai aiki irin na sabulu, mai suna PFOA, wanda ma'aikata ke kira C8. Shi ma yana da irin wancan ƙulli na kabon da fulorin, don haka ba ya ruɓewa. Bambancinsu shi ne, PFOA ƙarami ne, yana narkewa a ruwa, yana kuma shiga jini. Idan ya shiga jikin mutum, sai an yi kimanin shekara 2 zuwa 4 kafin rabinsa ya fita.

Daga 1951 DuPont ya yi shekaru yana amfani da PFOA a masana'antarsa da ke kusa da garin Parkersburg, a jihar Bajiniya ta Yamma, a bakin kogin Ohayo. A 1999 wani lauya mai suna Robert Bilott ya shigar da ƙara a madadin wani manomi wanda shanunsa suka yi ta mutuwa bayan sun sha daga rafin da ke gangarowa daga jujin kamfanin. Takardun da shari'ar ta tono sun nuna cewa tun cikin shekarun 1960 kamfanin ya san sinadarin yana taɓa hantar dabbobi, a 1984 kuma ya gano shi a ruwan shan maƙwabtansa, bai sanar da su ba. A 2005 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 16.5 a kan tuhumar da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta yi masa ta ɓoye bayani.

Wata ƙarar da jama'ar yankin suka shigar ta sa aka ɗebi jinin mutum kimanin 69,000 aka auna, aka kuma naɗa kwamitin masana 3. Zuwa 2012 kwamitin ya bayyana cewa akwai alamar dangantaka mai ƙarfi tsakanin PFOA da cututtuka 6: sankarar ƙoda, da sankarar 'ya'yan maraina, da ciwon tayirod, wato halittar nan ta wuya da kumburinta ke jawo maƙoƙo, da gyambon babban hanji, da hawan jini ga masu juna biyu, da yawan kitse a jini. A 2017 DuPont da Chemours, kamfanin da ya ɓalle daga jikinsa, suka biya dala miliyan 671 domin sasanta ƙararraki kimanin 3,550.

5.0 Matakan da Aka Ɗauka

A 2006 manyan kamfanoni 8 suka yi wa hukumar muhallin Amurka alkawarin daina PFOA kafin ƙarshen 2015. A 2019 aka sanya shi cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta ce a kawar, yarjejeniyar da Nijeriya da Nijar suke cikinta. A 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da shi cikin abubuwan da ke jawo sankara ga ɗan Adam. A 2024 kuwa Amurka ta ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha, wato giram 4 kacal a cikin lita biliyan ɗaya.

Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Sinadarin da aka maye gurbin PFOA da shi, mai suna GenX, daga dangi ɗaya suke, shi ma ba ya ruɓewa, a 2017 kuma labari ya bazu cewa ya shiga kogin Cape Fear, inda birnin Wilmington na jihar Karolina ta Arewa ke ɗibar ruwan sha. Bugu da ƙari, PFOA ɗin da aka riga aka zubar yana nan cikin ƙasa da ruwa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙarfin da ya sa PTFE ya zama abin dogaro ga masana'antu, shi ne kuma ya hana danginsa ruɓewa. Mai amfani da kayan yana iya kare kansa: kada ya bar kasko a wuta ba komai a ciki, kada kuma ya ƙone abin da aka shafe da sinadarin. Amma mutanen Parkersburg ba su da irin wannan zaɓi, domin sun yi shekaru suna shan ruwan ba su sani ba. Ke nan duk wanda zai auna lafiyar wani sinadari, bai kamata ya tsaya ga abin da ke hannunsa kawai ba, sai ya tambayi da me aka haɗa shi, ina aka zubar da dattinsa, su wa kuma ke zaune a gangaren ruwan.