Salwa, Baƙuwar Hunturu

Salwa 'yar ƙaramar tsuntsuwa ce, dangin fakara, amma tsawonta bai wuce inci 7 ba. Launinta ƙasa-ƙasa ne, har mutum ya kan kusa taka ta bai gan ta ba. Ba ta sauka bisa itace. A ƙasa take kiwo, a ƙasa take kwana, cikin ciyawa da saura. Abincinta tsabar ciyawa ne da ƙananan ƙwari. In ta ji motsi sai ta laɓe, ba ta tashi sai ta ga uwar bari.

A Turai take ƙyanƙyasa. Ta kan yi ƙwai 8 zuwa 13, ta kwanta kansu kwana 17 zuwa 20. Da kaka sai ta ƙetaro Bahar Rum da Sahara, tana tafiyar dare, ta yi hunturu a ƙasar nan, kafin damina ta koma.

To, daidai lokacin zamanta ne mafarauta ke cinna wa daji wuta, wutar ta cinye mafakarta da abincinta, har da ciyawar shanu. Saboda haka ya kamata hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa, su tsaya su hana ƙunar daji barkatai.